Murhu Mai Duwatsu Uku: Gwamnati, 'Yan Ƙwadago da Masu Masana'antu, Ina Manomin Audugar Karaye da Rogo?

 

A ranar 30 ga Janairu, 2024, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da kwamitin mutum 37 domin tsayar da sabon mafi ƙarancin albashi, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Bukar Goni Aji, tsohon shugaban ma'aikatan tarayya. Ɓangare uku ne a cikinsa: gwamnati, ƙungiyoyin ƙwadago, da masu kamfanoni. Aka yi ta ja-in-ja, har NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 3 ga Yuni, aka kashe wutar lantarkin ƙasar baki ɗaya. A ƙarshen Yuli Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, a watan Oktoba kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da naira 71,000 ga ma'aikatan Kano.

Malamin firamare a Karaye da ma'aikacin sakatariya a Rogo suna cikin wannan lissafi. Amma akasarin mutanen waɗannan ƙananan hukumomi biyu manoma ne da masu ƙwadagon gona, kuma dokar da kanta ta fitar da su: ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan aikin lokaci-lokaci irin na gona ba.

Wannan zama na mutum uku tsohon tsari ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, a kansa aka gina ta, Nijeriya kuma ta shige ta a 1960. Kamar murhu yake, dutse uku ne ke riƙe da tukunya. Abin da muke so mu duba yau shi ne wanda yake kawo itacen. Za mu bi tarihin auduga da masaƙu, domin a nan ne labarin ya fi fitowa fili, kuma a nan ne ya fi shafar yammacin Kano.

KAFIN ZUWAN TURAWA

Wanda ya san Zarewa da Beli da Fulatan da Rogo a yau, zai ce garuruwan noma ne kawai. A ƙarni na 19 ba haka suke ba. Suna cikin jerin garuruwan rini da saƙa da suka taso daga kudu maso yammacin Kano suka shiga arewacin Zazzau, wajen su Makarfi da Kudan da Hunkuyi. Ana noma auduga da baba a gonakin kewaye. Mata su gurza, su shiɓa, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa, marina su tsoma a karofi, mabuga su buga har shuni ya yi ƙyalli, fatake kuma su ɗora wa jakuna. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Ba duka a cikin birni ake yin su ba, kaso mai yawa daga irin waɗannan garuruwa yake fitowa.

A wancan zamani ma akwai hanyar da hukuma ke magana da masu sana'a. Kowace babbar sana'a tana da sarkinta, kamar sarkin pawa da sarkin maƙera da shugaban marina. Shi ne tsani tsakanin fada da mutanensa, ta hannunsa kuɗin karofi ke bi, ta bakinsa koke ke isa. Attajirai kuwa, da ma suna da ƙofarsu ta shiga fada. Amma kada mu ƙawata abin fiye da kima. Ƙarƙashin wannan arziki akwai bayi da ke noma a rinji, waɗanda ba su da bakin magana ko kaɗan. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, labarin wannan yanki ne. Baba ta tashi ne a Karo, kusa da Zarewa, kuma ta ba da labarin rinjin danginta da bayin da ke cikinsa. Tun daga tushe ke nan, mai riƙe da fartanya shi ne na ƙarshe da ake jin ta bakinsa.

AUDUGA TA KOMA HANNUN HUKUMA

Masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta a 1902, domin nema wa injinansu auduga a ƙasashen da suke mulka. Da wannan buri aka jawo layin dogo har Kano a 1911. Sai dai manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature biyan kuɗi mai kyau a kan auduga, gyaɗa kuma ta fi riba wajen sayar wa kamfani. Saboda haka jirgin da aka kawo don auduga, gyaɗa ya riƙa ɗauka. Wannan shi ne lokacin da manomi ya yi magana aka ji, ba a wurin taro ba, a gonarsa.

Hukuma ba ta haƙura ba. Aka kawo sabon iri daga Amurka mai suna Alan, aka riƙa raba angurya ta hannun dagatai da masu unguwanni, aka keɓe kasuwannin da za a sayar da irin wannan auduga, aka sa malaman da ke tantance lamba ɗaya da lamba biyu da lamba uku. Aka gina gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da sauran wurare. Ƙasar Karaye da Rogo, da yake tana maƙwabtaka da kudancin Katsina da arewacin Zazzau, tana cikin wannan yanki na auduga.

A 1949 aka kafa hukumomin cinikin auduga da na gyaɗa, a 1954 kuma aka haɗe su ƙarƙashin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Ga yadda abin yake aiki: hukuma ce kaɗai ke da ikon fitar da amfanin zuwa waje. Ita ke yanka farashi kafin kaka. Dillalai masu lasisi su saya a wannan farashi su miƙa mata. An ce manufar ita ce a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. Amma a shekaru da dama kuɗin da ake ba manomi yana ƙasa da na kasuwar duniya nesa ba kusa ba, rarar kuma ta zauna a asusun hukuma.

Da irin wannan rara aka yi manyan ayyukan Arewa. Masaƙar Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957 a zamanin Sardauna, haɗin gwiwa ce tsakanin hukumomin gwamnatin Arewa, ciki har da Hukumar Ciniki, da kamfanin David Whitehead na Ingila. Bayanta Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo a shekarun 1960. A nan ya kamata mu tsaya mu lura. Gumin manomi na cikin jarin da aka gina masaƙar, audugarsa ce abincin injinan, amma ba shi da hannun jari da sunansa, ba shi da wakili a inda ake yanka farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

YADDA MA'AIKACI YA SAMI KUJERARSA

Kada wani ya ɗauka kyauta aka ba ma'aikaci wurin zama. Turawa sun halatta ƙungiyoyin ƙwadago da dokar 1938, amma sai da aka yi yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu da ma'aikatan jirgin ƙasa suka ja gaba, aka shafe fiye da kwana 40, sannan gwamnati ta kafa kwamitin Tudor Davies da ya amince da ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Masu kamfanoni su ma suka ga zaman ɗaiɗai ba zai fisshe su ba, suka kafa ƙungiyarsu ta NECA a 1957. A watan Yunin 1964 aka sake yajin gama-gari na kusan mako biyu, saboda gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi jinkiri kan rahoton kwamitin Morgan. Da aka zauna sulhu, ɓangarorin nan uku ne a teburin. Albashin da aka tsayar ya bambanta daga yanki zuwa yanki, Legas a sama, karkarar Arewa a ƙasa.

A Kano, abin ya zo da nasa salo. Bayan yaƙin basasa, kwamitin Adebo ya ba da shawarar ƙarin albashi a ƙarshen 1970. Gwamnati ta biya nata ma'aikatan, masu kamfanoni da dama suka noƙe. A 1971 leburorin masana'antun Kano suka tayar da ƙayar baya suna neman ariyas ɗinsu, alhali da yawansu ba su da wata tsayayyiyar ƙungiya. Wani manazarci Ba'amurke, Paul Lubeck, ya zauna da waɗannan leburori a wancan lokaci, ya fitar da littafi a kansu a 1986. Abin da ya gano zai ba marubuci sha'awa: da yawansu 'yan karkara ne da suka shigo birni, wasu ta hanyar cin rani, wasu ta hanyar almajiranci, kuma zumuncin tsangaya da sallar jam'i a cikin masana'anta suna cikin abubuwan da suka haɗa kansu. Wato ɗan manomi da ya bar gona ya shiga Bompai ya sami muryar da mahaifinsa bai taɓa samu ba.

Sai Udoji a farkon 1975, da ariyas ɗin da aka lissafa tun daga Afrilun 1974. Kuɗi ya cika gari, aka sayi babura da rediyo. A daidai wannan lokaci karkara tana fitowa daga farin 1972 zuwa 1974, a daminar 1975 kuma cuta ta cinye gyaɗa. Kuɗin ƙwadagon gona ya tashi, samari suka nufi birni, farashin auduga na hukuma kuwa bai bi sahu yadda ya kamata ba. Manomi ya sake yin lissafinsa, ya ga hatsi ya fi masa.

A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su 42, da uwa ɗaya, NLC, ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Dokar ta sa a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Wannan ya ba ƙungiyoyi asusu da ofis da ma'aikata na dindindin. A nan Kano, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, a 1980 kuma ta mayar da ranar 1 ga Mayu ranar hutu ta ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. A watan Mayun wannan shekara NLC ta yi yajin gama-gari tana neman naira 300, aka daidaita da gwamnatin Shagari a kan naira 125. Soke haraji babban sauƙi ne ga talakan Karaye da Rogo, babu mai musun wannan. Sai dai jam'iyya ce ta yi masa, ba ƙungiyarsa ba. Abin da aka yi maka daban, abin da ka zauna aka yi da kai daban.

KADUNA DA KANO

Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, mai hedikwata a Kaduna, ta zama ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a ƙasar. Adams Oshiomhole, wanda ya fara daga Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982, daga baya ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. Ƙungiyar tana zama da ƙungiyar masu masaƙu a ƙulla yarjejeniya ɗaya da ta shafi masana'antar baki ɗaya: albashi, alawus, hutu, da haƙƙin sallama.

Wasu manazarta biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, sun bi diddigin wannan ƙungiya shekara da shekaru. Sun nuna cewa ta yi ƙarfi a manyan masaƙun Kaduna, amma ta sha wahalar kafuwa a Kano. Dalili kuwa, masaƙun Kano da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa galibi ba su kai na Kaduna girma ba, kuma da yawansu na attajiran gida ne ko na iyalan Kwarori. A irin wannan wuri, ta hannun wani ake samun aiki. Mai kamfani ubangida ne, yaro kuma ba ya kai ƙarar ubangidansa. Wannan alaƙa tana da daɗinta, ranar suna ko rashin lafiya akan ga alheri. Amma ranar da aka rufe ƙofar masana'anta, alheri ba takarda ba ne da za a kai kotu.

RANAR DA ITACE YA ƘARE

A farkon shekarun 1980 kuɗin man fetur ya faɗi, kuɗin waje ya yi wuya. Sai ga masaƙun ƙasar da take fitar da auduga a da suna neman lasisin shigo da ita, domin ta gida ba ta isa. Aka rage ma'aikata dubbai. Gwamnati ta ce kamfanoni su koma su nemi kayan aikinsu a gida, har wasu masaƙu suka shiga noman auduga da kansu, kamar Afprint ta Legas da ta kafa Afcott a wajen Yola. Sai a lokacin aka tuna da gona.

A 1986, ƙarƙashin shirin SAP na Janar Babangida, aka rushe hukumomin ciniki. Farashi ya tashi da farko, manomi ya ɗan ji daɗi. Amma hukumar da aka rushe ba saye kaɗai take yi ba. Ita ke kula da raba iri mai kyau da tantance lamba. Da ta tafi, babu wanda ya gaje ta. Iri ya cakuɗe, inganci ya faɗi, kowa ya zama dillali. Da manoma suna da tsayayyiyar ƙungiya a lokacin, da ita ce za ta karɓi wannan aiki. Shekaru kusan 40 na tsarin hukumar ciniki ba su bar musu irin wannan ƙungiya ba.

Daga nan matsaloli suka taru: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, faɗuwar naira. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da tufafi. Gwamnatin Obasanjo ta mayar da haramcin, amma atamfar Sin ta ci gaba da kwararowa ta Kwatano da Maraɗi har Kantin Kwari. A wannan mataki, 'yan ƙwadago da masu masaƙu, waɗanda suka saba zama suna fuskantar juna, suka koma gefe ɗaya suna roƙon gwamnati ta tsare iyaka ta kawo wuta. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Masaƙun Kano irin su Bagauda da Gaskiya su ma suka yi shiru. Tsakanin 2009 da 2010 aka fito da asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu. A watan Maris na 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da tufafi dalar gwamnati, daga baya kuma ya raba irin auduga a Katsina, amma a Oktoban 2023 aka janye wannan hani. Kowace gwamnati da tata dabara, manomi kuwa sai dai ya ji a rediyo.

Ba muna cewa rashin manomi a teburi shi kaɗai ya kashe masaƙu ba. Ko da audugar duniya aka tara a Sharaɗa, inji ba zai juya ba wuta ba. Abin da muke cewa shi ne, cikin dukan masu ruwa da tsaki, shi kaɗai ne ba a taɓa tambaya ba, kuma amsarsa kullum iri ɗaya ce: in farashi bai yi masa ba, ya canza shuka. Yau a gonakin Karaye da Rogo masara da dawa da rake da shinkafa da tumatir sun fi auduga yawa, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, noman rani ya samu.

MAƘWABTANMU FA?

Wani zai ce manoma sun yi yawa, sun warwatsu, ba za su haɗu ba. Mu leƙa yamma kaɗan. A Mali, manoman auduga sun kafa ƙungiyarsu ta SYCOV a farkon shekarun 1990, kuma a daminar 2000 da yawansu suka ƙi shuka auduga saboda farashi, har amfanin ƙasar ya ragu da kusan rabi, dole aka saurare su. A Burkina Faso, ƙungiyar manoman auduga ta UNPCB ta mallaki kashi 30 cikin 100 na kamfanin SOFITEX a 1999, ta sami wakilai a inda ake yanke shawara. Su ma suna da rigingimunsu, har da zargin shugabannin ƙungiya da zama 'yan amshin shatan kamfani. Amma ƙasashen biyu suna sahun gaba a noman auduga a Afirka, mu kuwa da muka fi su yawan masaƙu a da, mun koma baya. A Nijeriya ma yanzu akwai ƙungiyoyi irin su NACOTAN da AFAN. Tambayar da za mu yi a kansu ita ce wadda ma'aikata suka amsa tun 1978: wa ke biyan kuɗin ƙungiya, wa ke zaɓen shugaba, kuma in an sa hannu a takarda, wa take ɗaurewa?

NAMU AIKIN

Adabinmu ya cika da gidan Alhaji mai kamfani, da ɗansa da ya dawo daga Ingila, da yarinyar da yake so. Ba laifi ba ne. Amma ba kasafai muke leƙa cikin kamfanin ba, balle mu bi motar auduga mu koma inda ta fito. Ga labarai nan zube. Gardin da ya bar tsangaya ya zama mai kula da inji, ranar da aka ce ya zaɓa tsakanin ubangidan da ya samo masa aiki da abokan aikinsa masu yaji. Jami'in ofishin ƙwadago da aka tura sulhu, alhali mai kamfanin surukinsa ne. Malamin auduga da ke da ikon mayar da lamba ɗaya lamba biyu. Matar da ta gaji mazari daga kakarta, ta ga zaren kanti ya kashe mata kasuwa. Wanda aka sallama daga masaƙa bayan shekara 20, ya dawo Rogo ya tarar 'yan uwa sun raba gona.

Mutanen da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu suna raye, amma tsufa ya kama su. Wanda yake da shekara 20 a lokacin Udoji, yau ya kai 70. Baba ta Karo ta rasu a 1951, shekara guda bayan an gama ɗaukar labarinta. Da an yi jinkiri kaɗan, da abin da muka sani game da Zarewa ta wancan zamani ya ragu ƙwarai.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi dattijo ɗaya, tsohon ma'aikacin masaƙa, ko tsohon manomin auduga, ko marini, ko tsohuwar da ta yi kaɗi. A nemi izininsa kafin a ɗauki murya. A tambaye shi abubuwa ƙanana: nawa ne albashinsa na farko, me ya saya da shi, wa ke yanka farashi a kasuwar auduga, me ake kiran kowane inji da Hausa, ran da aka rufe masana'anta wa ya faɗa musu. A rubuta da kalmominsa, kada a gyara masa Hausa. In ya faɗi shekara, a gwada ta da wani abin da aka sani, kamar rasuwar sarki ko juyin mulki, domin tsofaffi da irin wannan suke lissafi.

'Yan uwanmu na Karaye da Rogo da Kiru da Gwarzo, ku ne kuka fi kusa, daga gare ku muke sa ran fara gani. Allah Ya ƙara basira, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.